Sanarwa ga Sababbin Zuwa Ƙananan Garuruwan Japan

Assalamu alaikum ƴan uwa. Duk wanda ya samu masauki, ya je ofishin ƙaramar hukuma cikin kwana 14 da katin zamansa, ya yi rajistar adireshi. A nan ake shiga inshorar lafiya, da ita kashi 30 cikin ɗari za a biya a asibiti.

Maganar shara kuwa, don Allah a kula sosai. Kowane iri da ranarsa, wasu garuruwan har da ledarsu ta musamman. In aka cakuɗa, masu kwashewa za su bar ta a wurin, kuma a ƙaramin gari kowa ya san ta wane ne. A karɓi jadawalin a ofishin.

Wajen cefane a duba mirin, wani ruwan girki mai zaƙi da ake sawa a abincin Japan, akwai giya a ciki. Lambar motar asibiti 119 ce.