Barkwanci a Taron Kamfani Ba Irin Na TikTok Ba Ne

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ka ba ni fili in ja hankalin matasa masu barkwanci da kamfanoni suka fara gayyata liyafar ƙarshen shekara. Bidiyon TikTok ana yankawa a gyara, dandamali kuwa ba gyara.

Kafin ranar, a rubuta yarjejeniya: kuɗi nawa, minti nawa, wa zai biya mota da masauki. A karɓi rabin kuɗi kafin alƙalami, don kamfani kan jinkirta biya sai takarda ta zagaya ofisoshi. A iso awa biyu kafin a fara taro a gwada makirfo, a riƙe batir na ko-ta-kwana. Barkwancin minti goma zuwa sha biyar ya isa. Da an fara raba abinci hankalin jama'a ya tafi.

Inda aka fi faɗuwa shi ne jerin manyan baƙi. Ka ambaci manaja kafin hakimi, ko ka ɓata sarautar wani, to ba za su sake kiranka ba. Addini, ƙabila da siyasa, a bar su a gida, haka ma zolayar shugaban kamfani gaban ma'aikatansa.

Mai son koyon aikin daga tushe, akwai sashen wasan kwaikwayo a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya.

Naku,
Mai karatu daga Kano