Rahoton Ayyukan Shekara na Ƙungiyarmu ta Masu Karatun Littattafai

Assalamu alaikum. Mai girma Shugaba, iyayen ƙungiya, 'yan uwa maza da mata.

Zaman karatunmu na wata-wata ya gudana yadda aka tsara, in ban da watan azumi da muka ɗage kamar kullum. Ma'aji zai kawo lissafin kuɗin wata, kuma masu bashi a taimaka a biya. Abin da ya fi cin lokacinmu bana shi ne tambayar da matasanmu suka kawo: littattafan nan na gyaran hali da neman arziki da suka cika bakin titi da WhatsApp, wanne ne ya cancanci a kashe masa kuɗin ƙungiya?

Babban taro ya kafa kwamitin tantancewa, aka ɗora masa bin diddigin abin da marubutan ke faɗa. A ganina wannan ne aiki mafi amfani da muka yi. Ga misali, da yawansu na cewa kwana 21 sun isa sabuwar ɗabi'a ta zauna wa mutum. Kwamitin ya gano maganar ta samo asali ne daga Maxwell Maltz, likitan gyaran fuska a Amurka, wanda ya rubuta a 1960 cewa majinyatansa kan ɗauki kamar mako uku kafin su saba da sabuwar kamarsu. Binciken da Phillippa Lally ta jagoranta a Landan, wanda ya fito a 2009, ya sami matsakaicin kwana 66, wasu 18 sun ishe su, wasu sai 254. Abin ba ƙarami ba ne. Yaro ya ɗauri aniyar karatu bayan asuba, ya ga mako uku sun wuce abin bai bi jikinsa ba, sai ya ɗauka shi ne rago ya watsar, alhali littafin ne ya yaudare shi.

An yi muhawara mai zafi a kan littafin neman arziki da marubucin Amurka Napoleon Hill ya fitar a 1937. Ya ce attajiri Andrew Carnegie ne ya ɗora masa aikin binciko sirrin arziki, amma masu rubuta tarihin Carnegie ba su sami shaidar sun taɓa haɗuwa ba. Wasu dattawanmu suka ce ko ma mene ne, littafin ya zaburar da su a ƙuruciya, kuma ba mu musa musu ba. Matsayar da aka cimma ita ce kowa ya karanta abin da ya so da kuɗinsa, na ƙungiya kuwa ba za a sayi littafin da tushensa ke da shakku ba.

Littattafan kuɗi ma sun sha tambaya. Yawancinsu an rubuta su ne don Ba'amurken da ke cin bashin banki ya sayi gida ya sa haya. Mu nan Babban Bankin Najeriya ya kai ruwan da yake ɗorawa kashi 27.5 cikin ɗari a ƙarshen 2024, ga kuma haramcin riba ga Musulmi. 'Yan kasuwarmu sun ce abin da suka tsinta mai amfani kaɗan ne: rubuta shige da fice kullum, da raba uwar kuɗi da kuɗin cefane.

Wani malaminmu ya kawo Ta'alimul Muta'allim na Zarnuji, littafin ladubban neman ilimi, wanda aka daɗe ana karantawa a zaurukanmu. Zaman ya yi armashi ƙwarai, domin matasa sun ga zaɓen malami da aboki, da maimaita darasi, da juriya, duk suna ciki tun ƙarnoni da suka wuce.

Daga shekara mai zuwa, duk wanda ya kawo sunan littafi shi zai fara karanta shi, ya kawo mana shafi guda da Hausa: wane ne marubucin, daga ina hujjojinsa suka fito, kuma shawarar za ta yi aiki a garin nan? Ba za mu sayi na satar fasaha ba ko da ya fi araha. Muna neman masu Turanci da Larabci su shiga kwamitin, su ba da sunayensu kafin zama na gaba.

Allah Ya sa mu ga baɗi lafiya.

Sakataren Ƙungiya