Wasiƙa zuwa ga aminina kan abin da muka sa a gaba a makarantarmu

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Ya aiki, ya baƙunta? Wasiƙarka ta iso ni tun farkon zango, ka yi haƙuri da jinkirin amsa. Tun da aka ɗora mini shugabancin firamaren nan ban samu na zauna a natse ba, sai yau da yara suka tafi hutun rabin zango.

Ka tambaye ni, cikin tarin gyaran da makarantar ke buƙata, da wanne zan fara. Wannan tambayar ce ta raba kan kwamitin iyaye da malamai a zamanmu na farko. Wasu suka ce a yi wa ajujuwa fenti, a gyara ƙofar shiga, don mai wucewa ya san an samu canji. Wasu suka ce kwamfuta, tunda zamani ya zo da ita. Ban ga laifin kowa ba, duk alheri suke nufi. Sai na roƙe su da su ba ni mako biyu in duba yaran da idona kafin a taɓa ɗan abin da ke asusu.

Da rajista na fara. 'Yan matan aji biyar da shida suna cika aji da safe, amma da an tashi tara sai ka ga bencina sun rage mutane. Na tambayi wata malama dalili, ta ce in zagaya bayan ajujuwa in gani. Na tarar da banɗakin 'yan mata babu ƙofa, an jingina wani tsohon kwano a bakinsa, babu ko ɗigon ruwa. Yarinyar da ta fara girma ba za ta shiga nan ba, gida take tafiya, in ta tafi kuwa sai gobe. Malamar ta ce wasu ƙin shan ruwa suke yi tun asuba don kada fitsari ya matse su. Ka duba wannan hali, aminina: ga ƙishirwa, ga fargaba, sannan a ce ta tattara hankalinta kan lissafi.

Sai labarin wani yaro ɗan aji uku, wanda har yanzu in na tuna shi zuciyata takan sosu. A bencin baya yake zama, kuma an riga an yanke masa hukunci cewa ba ya ganewa. Na zauna kusa da shi darasi guda. In malami ya rubuta a allo, sai ya tsuke idanu, ya miƙa wuya, in abin ya gagara ya leƙa littafin na kusa da shi ya kwafa. An sha dukansa kan satar amsa. Bayan an tashi na rubuta manyan haruffa a takarda, ina ja da baya yana karantawa. Ban yi taku shida ba ya yi shiru. Ashe shekara uku yana zaune gaban allon da ba ya gani. Muka dawo da shi sahun gaba, mahaifinsa ya kai shi asibiti aka ba shi tabarau. Ranar da ya fara zuwa da shi, ba wanda ya tambaye shi, ya ɗaga murya ya karanta kwanan watan da ke can kusurwar allo.

Batun karatu kuwa shi ya fi hana ni barci. Ka san a 2019 Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa kashi 53 cikin 100 na yara 'yan shekara 10 a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin arziki ba sa iya karanta gajeren labari su fahimce shi, kuma bayan annobar korona ƙiyasin 2022 ya kai kashi 70. Da na gwada yaranmu ɗaya bayan ɗaya, sai na ga fuskokin da ke bayan waɗannan alƙaluma. Akwai ɗan aji biyar da ke rera darasi tare da 'yan aji kamar ya iya, amma in ka nuna masa kalma ita kaɗai sai ya sunkuyar da kai. Haddar baki ce ta rufa masa asiri duk shekarun nan. Don haka muka ari dabarar da ƙungiyar Pratham ta yi fice da ita a Indiya: a raba yara bisa matakin da kowa ya kai, ba bisa aji ko shekaru ba. Masu haruffa rukuninsu daban, masu kalmomi daban, masu jimla da labari daban, awa ɗaya kowace safiya, kuma da harshen da yaro ya tashi da shi a gida muke farawa. Da farko manyan yaran sun ji kunyar zama da ƙannensu. Kunyar ba ta daɗe ba, don yaron da ya haɗa kalma da kansa karo na farko ba ya damuwa da wanda ke gefensa.

Bulala ce muka fi kai ruwa rana a kanta da malamai. Wasunsu sun yi imani cewa in babu ita aji ba zai saitu ba, kuma na fahimce su, don riƙe aji cike maƙil ba wasa ba ne. Na tuna musu cewa yarjejeniyar kare haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta 1989, ta ce ladabtarwa a makaranta ta kasance mai kiyaye mutuncin yaro. Amma labarin yaron tabarau ya fi kowace doka ratsa su. Haka kuma na hana cinye lokacin tara don ƙarasa manhaja. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa yara 'yan shekara 5 zuwa 17 su samu aƙalla minti 60 na motsa jiki kullum, ga shi ni ma ina gani: in sun yi guje-gujensu sun dawo, aji ya fi natsuwa.

A zama na biyu kwamiti ya amince. An sa ƙofofi a banɗaki, an ajiye ruwa da sabulu, za a riƙa gwada idon kowane yaro a farkon shekara, awar karatu kuma ta zauna daram a jadawali. Fenti da kwamfuta sai baɗi, in Allah ya kai mu.

Abin da ya rage mini a wuya shi ne cin zali tsakanin yaran. Manya na ƙwace wa ƙanana abin karyawa a bayan aji, ƙananan kuma tsoro ya hana su faɗa. Na sa malami biyu suna zagayawa lokacin tara, amma na san ido biyu-biyu ba za su ga komai da komai ba. Kai da ka daɗe a harkar nan, yaya kuke yi a taku makarantar har yaro ya saki jiki ya kawo ƙara ba tare da tsoron ramuwa ba? Don Allah ka rubuto mini dalla-dalla kafin a koma hutu.

Ka gaida mini uwargida da yara. Mutanen gidana duk suna gaishe ka.

Naka har kullum,
Amininka