Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Gwamnan Kalifoniya Gavin Newsom: Kada A Sake Taɓa Wa'adin 2030 Na Gyaran Asibitoci Don Jure Girgizar Ƙasa

Mai girma Gwamna, barka da aiki.

Ni ma'aikaciyar jinya ce, ina aikin dare a hawa na biyar na wani tsohon asibiti a kudancin Kalifoniya. Duk sanda ƙasa ta ɗan motsa, ledar ƙarin ruwa ta shiga lilo a jikin ƙarfenta, sai in kama lissafin mutum nawa za mu iya saukarwa ta matakala idan lif ya tsaya. Wanda ke kan na'urar numfashi kuwa, ban taɓa samun amsar yadda za mu yi da shi ba.

Ka fi ni sanin tarihin. A 1971 girgizar ƙasa ta Sylmar, a yankin Los Angeles, ta ruguza asibitin tsofaffin sojoji, mutum fiye da 40 suka mutu a wurin da suka je neman lafiya. Aka yi dokar gina asibitoci masu jure girgiza a 1973. A 1994 girgizar Northridge ta zo, ginin asibitin Olive View da aka sake ginawa bayan girgizar 1971 ya tsaya daram, amma bututun ruwa suka fashe, dole aka kwashe majinyata. Daga nan aka kafa dokar SB 1953: zuwa 2008 kada a bar ginin asibitin da zai iya rushewa, zuwa 2030 kowane asibiti ya iya ci gaba da aiki bayan girgiza.

Wa'adin 2008 ya zama 2013, ya zama 2020. Ashe girgizar ƙasa ma tana jiran majalisar jiha da ke Sacramento ta gama zama! Shekara 36 aka ba masu asibitoci, yanzu suna kukan lokaci ya ƙure. Ai ba a fafe gora ranar tafiya, kuma sun san ranar tun 1994.

A 2024 ka ƙi sa hannu a ƙudirin da zai ƙara wa kowa lokaci, mun yaba. Amma a shekarar ka sassauta wa ƙananan asibitoci da na karkara. Na san kuɗin gyaran ya fi ƙarfinsu. To jiha ta tallafa musu mana, mutumin ƙauye shi ma rufi ɗaya ne a kansa.

Don Allah, ranka ya daɗe, manyan asibitocin za su dawo da wani ƙudirin, da sabon suna. Kafin ka bar ofis a Janairun 2027, ka faɗa musu a bainar jama'a cewa 2030 tana nan. Batun kowane asibiti ya tanadi tankin ruwa da man janareta da za su ishe shi awa 72 bayan girgiza ma a bi sawunsa.

Taku,
Wata ma'aikaciyar jinya