Wasiƙa zuwa ga aminina kan tafiyar da yake shirin yi Turkiyya

Kano, Najeriya.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Aminina, bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da yara da jikoki baki ɗaya. Mu nan alhamdu lillahi, hunturu ya kankama har hazo kan rufe Dala da Goron Dutse da safe, kuma mutanen gida duk suna gaishe ka.

Saƙon muryar da ka aiko mini daren Juma'a ya iso, na kuma saurare shi har sau uku kafin in kwanta. Na zaɓi in amsa maka a rubuce domin maganar ta fi ƙarfin waya, kuma ina so ka samu abin da za ka riƙa komawa kansa kana karantawa a natse. Abin da na fahimta shi ne ka yi magana da wani kamfani a Istanbul wanda zai haɗa maka aiki uku a tafiya ɗaya, wato dashen gashi a inda sanƙo ya ci, da rage fatar idon da ta sauko, da zuƙe kitsen ciki, tare da masauki da motar ɗauka, ka koma Landan cikin mako guda. Ka kuma roƙe ni kada in gaya wa kowa, har da 'ya'yanka. Ka san shekarun da na yi ina aikin jinya a ɗakin tiyata kafin in yi ritaya, kuma na tabbata saboda haka ne ka fara tuntuɓa ta, don haka zan gaya maka gaskiyar abin da na sani ko da ba zai yi maka daɗi ba.

Bari in fara da zuƙe kitsen, domin shi ne ya hana ni barci. Yadda ake yin sa shi ne a huda fata a zura wani siririn bututun ƙarfe a ƙarƙashinta, a riƙa kai da komo da shi ana farfasa kitse, inji yana tsotsewa. Kitsen da ke tsakanin fata da tsoka kaɗai bututun yake kaiwa. Shi kuwa tumbin da ke damun maza masu shekarunmu, yawancinsa kitse ne da ke can ciki, ya naɗe hanji da hanta, kuma babu likitan da zai zura bututu wurin. Wannan na cikin shi ne yake tafiya da ciwon suga da hawan jini, waɗanda kai da bakinka ka gaya mini kana shan maganinsu shekara da shekaru. A 2004 an buga wani bincike a Amurka inda aka zuƙe kitse mai yawa daga cikin wasu mata masu ƙiba, wasunsu masu ciwon suga, da aka sake auna su bayan makonni sai aka tarar sugansu da hawan jininsu suna nan yadda suke. Ke nan za ka kwanta a yi maka allurar barci, ka ɗauki kasadar zubar jini da ta gudan jini da kan toshe jijiyar huhu, ka tashi da ciwon da ka kwanta da shi. Ga shi kuma mai ciwon suga rauninsa ba ya saurin warkewa, ƙwayoyin cuta sun fi samun hanya a jikinsa, sannan maganin tsinka jinin da kake sha kullum yana ƙara zubar jini a lokacin aiki, dakatar da shi kuma ba abu ne da mutum zai yanke wa kansa ba. A kan wannan duka sai a ce bayan 'yan kwanaki ka hau jirgi ka zauna wuri ɗaya kusan awa huɗu, alhali zama haka bayan tiyata yana daga cikin abubuwan da ke sa jini ya daskare a ƙafa.

Na san ba ka manta da rasuwar Stella Obasanjo ba, domin kana gida a lokacin, tare muka ji labarin a rediyo. Ta rasu ranar 23 ga Oktoba 2005 a kudancin Sifaniya bayan irin wannan aiki na zuƙe kitse, saura 'yan makonni ta cika shekara 60, kuma a 2009 kotu a Malaga ta samu likitan da laifin sakaci. Matar shugaban ƙasa ce, ba ta rasa kuɗi ko masu kula da ita ba. Ajali in ya zo babu makawa, wannan mun yi imani da shi, amma an umarce mu da ɗaure raƙumi kafin tawakkali. Ita ma gwamnatin ƙasar da kake zaune ta sha gargaɗin mutanenta game da zuwa Turkiyya yin irin waɗannan ayyuka, saboda an samu waɗanda suka rasu. Ba ina cewa babu ƙwararrun likitoci a can ba, akwai su da yawa. Abin da ke ba ni tsoro shi ne tsarin cinikin: wanda ya yi maka magana a waya dillali ne, bai auna jininka ba, bai ga takardun asibitinka ba, kuma idan ɗinki ya ruɓe bayan kwana goma kana ɗakinka kai kaɗai a Landan, ba shi ne zai zo ya duba ka ba.

Dashen gashi bai kai wancan haɗari ba, domin kashe fatar kai kawai ake yi, mutum yana farke. Sai dai ya kamata ka san ba a ƙirƙirar sabon gashi. Daga ƙeya ake ciro saiwoyin ɗaya bayan ɗaya a dasa su a gaba, abin da aka ɗauke daga baya kuma ya tafi ke nan. Gashin da aka dasa yakan zube cikin makonnin farko, ya fara fitowa bayan wata uku ko huɗu, ba a ganin cikakken sakamako sai an kusa shekara. Akwai kuma abin da tallace-tallacen ba sa faɗa wa irinmu: fatar baƙin mutum ta fi saurin yin tabo mai tasowa ya yi kauri, kuma ƙeya tana daga cikin wuraren da ya fi fitowa. Ka tuna tabon da ya taso maka a kafaɗa tun muna yara, wanda har yau bai kwanta ba. Jikin da ya yi haka a kan rauni ɗaya, ina jin tsoron abin da zai yi a kan ɗaruruwan huji.

Maganar fatar ido ita ce kaɗai na ga tana da fuska biyu. Idan fatar ta sauko har tana tare maka gani, kana ɗaga gira kafin ka karanta Alƙur'ani ko ka tuƙa mota, to wannan lalura ce, likitan ido zai auna ya tabbatar, kuma a nan inda kake za a iya yi maka a asibitin da ke da tarihin lafiyarka. Idan kuwa ganinka lafiya lau yake, hoto ne kawai ba ya yi maka daɗin kallo, to ina roƙon ka ka bar idonka yadda yake. Na ga wanda aka rage wa fata fiye da kima har ido ya daina rufuwa sosai in yana barci, ya koma rayuwa da maganin ɗigawa saboda bushewa. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce garin neman gira a rasa ido.

Wannan bambanci tsakanin lalura da son ƙawa shi ne kuma malamai suka tsaya a kansa, kuma na san kai mutum ne mai son jin hujja. Sahabi Arfaja ɗan As'ad an yanke masa hanci a yaƙin Kulab tun zamanin jahiliyya, ya sa na azurfa ya yi wari, sai Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce shi ya sa na zinare. Saboda haka gyaran abin da ya lalace ba abin zargi ba ne, kuma ni shaida ne a kan alherin da ke cikinsa. Na tsaya a kan yaran da aka haifa da tsagaggen leɓe, na ga iyayensu mata suna kuka don murna bayan an ɗinke. Na yi jinyar matan da wutar risho ta ƙona har wuya ya manne da ƙirji, aka saki fatar suka iya ɗaga kai. A Sakkwato akwai asibiti sukutum da aka buɗe a 1999 domin yaran da wata cuta da ake kira noma ta cinye wa kunci da leɓe, inda ake sake gina musu fuska su iya cin abinci su shiga cikin 'yan'uwansu. Ilimin ɗaya ne da wanda ake tallata maka, hannun likitan ma iri ɗaya ne. Amma a ɗaya ɓangaren akwai hadisin Ibn Mas'ud da ya ambaci masu goge haƙora su yi wushirya domin ƙawa, kuma Imam Nawawi ya yi bayanin cewa tsofaffin mata ne kan yi haka don su nuna ƙuruciya. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Malesiya a 2007, ta halatta gyaran nakasa da ƙuna da abin da haɗari ya ɓata, ta kuma ce kawar da tamojin tsufa ta hanyar tiyata ko allura bai halatta ba sai in cuta ce ta kawo shi. Game da dashen gashi, malamai da dama sun sauƙaƙa, suna ganin mayar da abin da ya zube ne, don haka ba ta fuskar addini nake jin tsoronsa ba, ta fuskar fatarka ce. Furfura kuwa an hana tsige ta, an yarda a rina ta da lalle, kamar yadda aka yi umarni a kan Abu Ƙuhafa ranar buɗe Makka, tare da cewa a nisanci baƙi.

Kada ka ɗauka ina ganin wannan damuwa ta mutanen Turai ce kawai. Kano ɗin da ka bari ita ma ta canja. Dattawa sa'o'inmu suna zuwa wurin aski a shafa musu dayis a gemu, wasu fuska ta kumbura saboda sinadarin da ke ciki. Man bilicin ya cika kasuwa har hukumar NAFDAC ta ayyana shi a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a 2023, kuma iyaye mata masu jikoki suna cikin masu shafawa, wata don za a yi mata kishiya, wata don bikin 'yarta ya matso tana tsoron hoton da za a ɗauka. A unguwannin masu hali an fara jin labarin allurar Botox, wadda ke sanyaya tsokar goshi na wata uku ko huɗu sannan a koma a sake biya. Ba na raina ko ɗaya daga cikinsu, domin na san ba wauta ce ke kai su ba. Kowannensu akwai maganar da aka faɗa masa ta zauna masa a rai.

Kai ma a saƙonka ka faɗi taka, ko da yake a gurguje ka wuce ta. Ka ce tun rasuwar Hajiya, Allah ya jiƙanta ya sa Aljanna ce makomarta, gidan ya yi maka faɗi, kuma da ka fara neman aure sai aka ce maka yarinyar ta ga hotonka ta ce ka yi mata tsufa. Ka ce a wurin aiki ma yaran da ka koya wa aiki sun fara magana a gabanka kamar ba ka wurin. Wannan ɓangaren ne ya fi taɓa ni, aminina, har na yi hawaye, domin na san irin mutumin da ake yi wa haka. Shekara uku ke nan kana cin abinci kai kaɗai a ƙasar da maƙwabci ba ya leƙo maƙwabci, kuma ni kaina ina da laifi da ban matsa maka ka zo gida ba. Amma ka duba, wadda ta ƙi ka don shekarunka, ko an dasa gashin shekarun suna nan, za ta gan su a tafiyarka da magungunan da ke kan teburinka, kuma zaman da aka fara da ɓoye abu wahalarsa tana da yawa. A garin nan akwai mata masu hankali da addini, zawarawa da waɗanda mazansu suka rasu, da za su ɗauki furfurarka a matsayin abin girmamawa. Maiɗakina ta riga ta ambata mini biyu tun bara, ni ne na ce a dakata sai ka nuna kana so.

Game da sirrin da ka ba ni, zan riƙe shi, ba zan kira kowa a bayan idonka ba. Sai dai ba zan ɓoye maka ba, ban yarda ka shiga ɗakin tiyata a wata ƙasa 'ya'yanka ba su sani ba. Sun riga sun binne mahaifiyarsu, bai kamata a wayi gari baƙo ya kira su daga Istanbul da harshen da ba sa ji ba. Ka gaya wa babbar 'yarka ko da ita kaɗai ce. Sannan kafin ka tura wa kamfanin ko sisin kwabo na kafin alƙalami, ka je wurin likitanka da ke duba suganka, ka karanta masa ayyukan nan uku kamar yadda ka faɗa mini, ka nemi a auna ganinka, ka kuma nuna masa tabon kafaɗarka. Duk abin da ya ce maka ka rubuto mini, ko da ya saɓa wa nawa.

Kuɗin jirgin da ka ware, ina roƙon ka ka karkatar da shi zuwa Kano kafin azumi. Ɗakin baƙi na nan a gyare, za mu riƙa fita da sassafe bayan sallar Asuba muna taka ƙafa daga Ƙofar Nassarawa zuwa Ƙofar Mata mu dawo, wanda shi ne abin da na sani yana rage irin kitsen da ke damun ka, kuma abokanmu na majalisa kullum sai sun tambaye ni yaushe za ka zo. Ina jiran amsarka cikin makon nan, in kuma ka fi son magana da baki, ka kira ni bayan Isha'i.

Ka gaishe mini da yara da jikoki ɗaya bayan ɗaya. Allah ya ƙara maka lafiya, ya jiƙan Hajiya da iyayenmu.

Wassalamu alaikum.

Naka har kullum,
amininka na Kano.