A ceto faifan wasannin Samanja

Ya Edita,

Rahotonku kan tsofaffin 'yan wasan kwaikwayo ya tuna mini da marigayi Usman Baba Pategi, wato Samanja Mazan Fama, wanda ya rasu a Kaduna a Nuwambar 2023. Tsohon soja ne, shi ya sa Hausar barikin da yake yi a rediyo da talabijin ta zauna daram a bakinsa.

Abin da ke damuna shi ne, yaranmu ba su san shi ba sai guntayen hotuna dishi-dishi a YouTube. Tsohon kaset kuwa ba ya jure zafi da danshi.

Ina roƙon NTA Kaduna da jami'o'inmu su tattaro abin da ya rage, su mayar da shi kan kwamfuta, iyalinsa kuma su samu haƙƙinsu.

Naku,
Mai karatu daga Zariya