Wasiƙa daga Lahore: Duwatsun Awon Mutanen Harappa

Assalamu alaikum, aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da su Baba. Ya kasuwa? Allah ya ƙara buɗi. Ni ma lafiya lau, sai fama da karatu da zafin Lahore.

Ka ce in riƙa ba ka labarin ƙasar nan, to ga wanda na san zai shige ka, kai da ka tashi cikin awon hatsi. Kudu maso yamma da Lahore akwai wani kufai da ake kira Harappa, kusa da tsohuwar hanyar kogin Ravi. Birni ne da ya bunƙasa daga wajen shekara ta 2600 zuwa 1900 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), shi da takwaransa Mohenjo-daro na lardin Sindh. Har yau ba wanda ya iya karanta rubutunsu, don haka kayan da suka bari su ne bakinsu.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne duwatsun awonsu. Ƙanana ne, an sassaƙa su daidai ta kowane gefe, nauyinsu yana ninkawa: 1, 2, 4, 8, 16, 32, 64, daga nan manyan su koma lissafin goma-goma. Wanda aka fi samu shi ne na 16, mai nauyin giram 13.7 ko kusa da haka. Dutsen da aka tono a Harappa da wanda aka tono a Lothal, can Gujarat ta Indiya, ɗaruruwan kilomita tsakani, nauyinsu ɗaya. Kai da kullum kake ƙorafin tiyar wannan kasuwa ba ta kai ta waccan ba, ka san abin da hakan ke nufi. Kuma ba su da tsabar kuɗi, ciniki ne na ba ni gishiri in ba ka manda. A ganina awon nan shi ya riƙe amana tsakanin mutanen da ba su taɓa haɗa ido ba. Hatta tubalinsu ƙa'ida ɗaya ce: kauri 1, faɗi 2, tsawo 4.

Noma kuwa shi ne tushen komai: alkama, sha'ir, riɗi, dabino, ga auduga, wadda suna cikin na farko da suka saƙa ta a duniya. Suna kiwon shanu masu tozo da ɓauna. A Kalibangan, wani garinsu a jihar Rajasthan ta Indiya, an tono gona da sawun garma a jikinta, layukan sun gitta juna, yadda manoman yankin ke yi har yanzu in za su shuka iri biyu a gona ɗaya.

Masu sana'ar hannu fa, sai ka gani. A Chanhudaro, wani garinsu a Sindh, suna huda dogayen duwatsun wuya jajaye, irin tsakiya, ramin ya bi ta tsawon dutsen bai fashe ba. Aikin haƙuri ne ƙwarai. Irin waɗannan an same su a kaburburan sarakunan Ur, a Iraƙi ta yau. Mutanen can suna kiran ƙasar su Harappa da sunan Meluhha, inji mafi yawan masana, kuma Sarki Sargon na Akkad, a can Iraƙin, ya yi alfahari a rubuce cewa jiragen Meluhha da Magan da Dilmun suna tsayawa a tasharsa. Magan ita ce yankin Oman mai jan ƙarfe, Dilmun kuma Bahrain. Har hatimin wani tafinta na harshen Meluhha an samu. Ta tudu ma mutanen Harappa sun kafa zango a Shortugai, arewacin Afghanistan, kusa da inda ake haƙo shuɗin dutsen ado na Badakhshan.

Af, gero ma da aka fara nomawa a yankinmu na Sahel ya iso Indiya tun zamanin dā, ya zama abincin mutanen Gujarat da Rajasthan har yau. Ka gaya wa Baba wannan, na san sai ya yi dariya.

Ka gaishe mini da Hajiya da yara da duk 'yan rumfa. In ka samu mai zuwa, ka aiko mini da kuka da daddawa, nawa sun kusa ƙarewa.

Wassalam,
Naka amini